BAKANIKE BA SIFANA, MANOMI NE BA FARTANYA

 A wannan fitowa za mu ajiye zancen iri da taki, mu ɗauko wani zance wanda shi ma ya shafi gonar kowannenmu, watau zancen samarinmu da muke turawa birnin Katsina koyon kanikanci, da kayan aikin da ya kamata su riƙe a hannu.

Ga abin da ya ta da maganar. A ranin da ya wuce injin ban ruwa na wata jam'iyyarmu ya ƙi tashi, daidai lokacin da tumatir ke fure. A ƙauyen kuwa akwai wani saurayi, ɗan wani memba, wanda ya yi shekara huɗu a wani gareji a Katsina, ya zo gida ganin iyayensa. Aka kira shi. Ya ja igiya sau biyu, ya kasa kunne, ya ce ko fulogi ne, ko kuwa datti ya toshe kafireta, aikin da ba zai kai sa'a guda ba. Aka ce to, ga injin nan. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce ba shi da sifana ko ɗaya, duk abin da yake taɓawa a gareji na maigidansa ne. Aka bi gari aka aro filaya wajen mai faci. Da ita aka yi ta kokawa da noti har kansa ya cinye, ya ƙi kwantuwa sam. Ƙarshenta sai da aka ɗaure injin a bayan babur aka kai birni. Kwana huɗu ya yi kafin ya dawo, ya tarar furen rabin fadamar ya zube.

Da aka zauna lissafi, aka haɗa kuɗin babur zuwa da dawowa, da ladan bakaniken birni, da hasarar tumatir, sai aka ga sun ninka kuɗin sifanar da aka rasa sau da yawa. Yaron ba shi da laifi, gama ya san aikinsa. Laifin namu ne. Mun tura shi noma, ba mu ba shi fartanya ba.

Domin haka ga ra'ayinmu. Kowace jam'iyyar gama kai da ke da yaro a gareji, ta ɗauki nauyin haɗa masa kayan aikinsa na fari, kaɗan kaɗan cikin shekarun koyonsa, bisa rance marar ruwa, in ya biya a saya wa na bayansa.

Me ya haɗa manomi da sifana?

A zamanin kakanninmu kowane gari yana da maƙerinsa. In garma ta karye, ko lauje ya dakushe, tafiyar 'yan taku ce zuwa maƙera. Yanzu fa ku ƙirga injunan da ke ƙauyenku: injin ban ruwa, injin niƙa, injin sussuka, babura, janareton ekklesiya, da akori-kurar da ke kai hatsi kasuwa. Masu noman rani a bakin madatsun ruwa na Jibiya da Zobe da Ajiwa sun fi kowa sanin cewa in injin ya tsaya, gona ta tsaya. Ƙarfe ya ƙaru a ƙauye, amma masu gyaransa suna birni.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da gwamnati ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, darajar Naira kuma ta faɗi. Kai injin birni ya zama babban sha'ani, sayen sabo kuwa ba a ma maganarsa. Abin da ya rage mana shi ne mu iya lallaɓa wanda muke da shi.

Ku duba Littafin Sama'ila na Ɗaya, sura 13. A kwanakin Sarki Saul, Filistiyawa sun hana a sami maƙeri a ƙasar Isra'ila. Duk mai son a wasa masa garma ko gatari ko lauje, sai ya gangara wurinsu, ya kuma biya. Ran da yaƙi ya zo, ba mai takobi a hannu sai Saul da ɗansa Jonatan. Jama'ar da ba ta iya gyara kayan nomanta da kanta, abincinta yana hannun wani. Mu ba wanda ya hana mu maƙeri, sakacinmu ne kawai.

Akwai kuma wani dalili mai nauyi. Cikin 'yan shekarun nan tashin hankalin 'yan bindiga ya raba iyalai da yawa da gonakinsu a wajajen Batsari da Safana da Faskari, har da waɗansu 'yan'uwanmu. Ba a ɗaukar gona a ka a gudu da ita. Amma akwatin kayan aiki yana ɗaukuwa, duk inda mai shi ya sauka kuwa zai sami abin ciyad da iyayensa.

Halin yaron da ba shi da kayan aiki

Wanda ya bi ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya, ko ya kama hanyar Jibiya ko ta Kano, zai ga gareji a bakin hanya, da yara cikin tufafi baƙi ƙirin da mai. Shekarar fari ta yaro takan ƙare a wankin ƙarafa, da miƙa sifana, da sayo abinci. Wannan ba laifi ba ne, haka kowane mai sana'a ya fara. Amma kayan maigida kaɗan ne, yara kuwa da yawa. Manyan almajirai su ne ke riƙe sifana, ƙanana suna kallo. Ido kuwa ba ya koyon ɗaurin noti, hannu ne ke koya. Yaron da ke da nasa kayan, shi ake cewa je ka kwance wancan, domin ba sai ya jira wani ya gama ba. Ta haka yakan riga tsararsa iyawa.

Sa'an nan ga zargi. In sifana ta ɓata a gareji, duk yaran da suka taɓa ta a ranar sun shiga uku. Ku tuna da almajirin nan na Annabi Elisha cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 6, wanda ruwan gatarinsa ya faɗa cikin Kogin Urdun. Abin da ya fi ta da masa hankali shi ne gatarin na aro ne. Allah ya ji kukansa ta hannun annabin. Yaranmu suna cikin irin wannan fargaba kowace rana ta Allah.

Babbar wahala kuwa sai ranar yaye. An yi addu'a, an ci shinkafa, an ba shi takarda, an ce ya zama bakanike. Washegari ya tashi ba shi da ko sukundireba. Sai ya koma gindin maigida yana karɓar abin da aka ga dama, ko ya kama acaba, ko ya tafi Abuja leburanci. Shekara huɗu ko biyar sun tafi a banza. Kayan aro ba ya rufe katara, in ji mutanen da.

Abin da za a saya, da lokacin sayensa

Kada kowa ya tsorata, ba gareji guda muke cewa a saya ba. Mun tambayi tsofaffin kanikawa da ke cikin ekklesiyoyinmu, muka raba kayan kashi uku.

Kashi na fari, cikin shekarar farko:

1. Sifana bakwai, irin mai buɗaɗɗen baki a gefe ɗaya da zobe a ɗaya gefen: lamba 8, 10, 12, 13, 14, 17 da 19. Lambar nan faɗin kan noti ce a milimita. Motocin Japan irin su Toyota da Honda, da yawancin babura da injunan ban ruwa, sun fi cin 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Motocin Turai irin su Peugeot da Volkswagen suna yawan bukatar 13. Lamba 10 a sayi biyu, gama ita ce ta fi aiki, ita ce kuma ta fi ɓata. Kada a yarda a sayi masu awon inci, na tsofaffin Land Rover da Bedford ne, ba za su zauna daidai a kan notin injunanmu na yau ba.

2. Sukundireba huɗu: biyu masu faffaɗan baki, biyu masu bakin gicciye, babba da ƙarama.

3. Filaya biyu: ta kullum, da mai dogon baki.

4. Guduma mai nauyin kamar rabin kilo.

5. Sifanar fulogi lamba 16 da 21. Ƙananan injunan ban ruwa da na janareto sun fi cin 21, motoci da yawa 16. Waɗansu babura 18 suke ci, sai a duba irin na ƙauyenku.

6. Burushin waya, da tsohuwar tasa ta wankin ƙarafa.

7. Akwatin ƙarfe da kwado. Wannan kada a bar shi sai daga baya. Kaya ba akwati, rabonsu ɓata.

Da waɗannan kaɗai da an ta da injin nan na fadama kafin rana ta take.

Kashi na biyu, cikin shekara ta biyu da ta uku, bayan maigida ya shaida cewa yaron ya tsaya:

1. Jerin bokis daga lamba 8 zuwa 24, da hannunsa da sandar ƙarin tsawo. Shi ne ya fi kome tsada a wannan kashi, shi ne kuma ke shiga lungun da sifana ba ta kaiwa.

2. Jerin alanki, da sifanar taya mai gicciye wadda ke da 17, 19 da 21.

3. Kurfi, magagari, zarton ƙarfe, da filaya mai cijewa ta riƙe da kanta.

4. Gejin awon rata, watau 'yan siraran ƙarafan nan masu lamba. A kan ƙananan injunan ban ruwa irin Honda GX160 da masu kama da shi, ratar bakin fulogi 0.7 zuwa 0.8 ce ta milimita, ratar bawul kuwa 0.15 a na shigar mai, 0.20 a na fitar hayaƙi. Mai aunawa da ido yana cacar injin mutane ne.

5. Fitilar gwajin wuta. Wannan ba sai an saya ba, yaron zai haɗa da kansa da ƙwan mota da waya.

6. Ƙaramar mitar awon wuta. Batir mai lafiya, cikakke, yakan nuna wajen 12.6 in mota tana kashe, in an ta da ita kuma ya hau wajen 14. In bai hau ba, abin da ke cajin batir ne ke da ciwo. Mutane da yawa sun sayi sabon batir a banza don rashin wannan awo na minti ɗaya.

Kashi na uku, gab da yaye: jak, da ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota. Muna roƙonku kada a raba waɗannan biyu. Jak na ɗagawa ne kawai. Wanda ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ko kan bulon siminti, ya sa ransa a bakin mutuwa, gama jak yakan sauka, bulo kuwa yakan fashe ba sallama. A haɗa masa da takalmi rufaffe da tabarau na kare ido. A kuma gargaɗe shi ya bar zuƙo fetur da baki, ya bar wanke hannu da shi, sabulu ya fi araha.

Akwai waɗansu kaya masu tsada da ba kullum ake bukatarsu ba, kamar sifanar awon ƙarfin ɗauri wadda ake ɗaure kan injin da ita, da abin zare boris. Waɗannan su zama na tarayya. Jam'iyya biyu ko uku su haɗu su saya, a ajiye wurin ma'aji, mai bukata ya sa hannu ya ɗauka.

Ina za a saya, yaya kuma za a gane na kirki?

A kasuwa za ku ga akwatuna masu ƙyalli, an jera ƙarafa fiye da ɗari a ciki, kuɗinsu kuwa bai kai na sifana goma na kirki ba. Ku kawad da kai. Araha ba ta ado. Ƙarfensu laushi gare shi, ran da sifanar ta gamu da noti mai tsatsa sai bakinta ya buɗe, ta cinye kan notin, ta zame ta fasa wa yaro yatsu. Rabin abin da ke cikin akwatin kuma ba zai taɓa amfani da shi ba. Sifana bakwai masu ƙarfi sun fi ɗari na gwangwani.

Ga dabara. Mai zuwa sayayya ya sa sabon noti lamba 10 da lamba 17 a aljihu. Ya ɗora sifanar a kai. In ta zauna daram ba ta girgiza, to. In tana rawa, ya ajiye. Ya duba bakin ko ya taɓa buɗewa, ya duba zoben ko haƙoransa sun cinye. A jikin masu kyau akan buga Cr-V, alamar irin ƙarfen da aka yi su da shi, amma 'yan jabu ma sun iya buga wannan, saboda haka notin aljihu ya fi rubutu gaskiya. Kada manomi ya tafi shi kaɗai. A nemi tsohon bakanike ya raka shi, ko a roƙi maigidan yaron da kansa.

Tsofaffin kaya na hannu, waɗanda aka yi aiki da su a ƙasashen waje, sau da yawa sun fi sababbin araha ƙarfi. Abin da ba a samu a Katsina ba, akan same shi a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. In jam'iyyu da dama suka haɗa bukatarsu, mutum biyu suka tafi sau ɗaya, kuɗin mota ya ragu, ciniki kuma ya fi daɗi ga mai sayen da yawa.

Amma ga gargaɗi. In wani yaro ya tare ku a bakin hanya da sifana ɗaya ko biyu a rabin kuɗi, kada ku saya. Mai yiwuwa daga akwatin maigidansa ya zaro, gobe kuma wani marar laifi za a daka saboda ita. Ba za mu gina sana'ar ɗanmu a kan hawayen ɗan wani ba.

Waɗansu kayan ma ba sai an je birni ba. Maƙerin garinku zai ƙera kurfi da ƙarfen cire taya daga tsohon sifirin mota, ƙarfe ne mai kyau ƙwarai. Mai walda zai yi akwati da ƙafafun tokare mota, in dai an sa ido ya yi da ƙarfe mai kauri. Kuɗin ya zauna a gida ke nan.

A Ingila akwai wata ƙungiya mai suna Tools for Self Reliance, wadda tun wajen 1980 take tattara tsofaffin kayan aiki daga gidajen mutane, masu aikin sa kai su wanke su gyara, a aika wa masu koyon sana'a a ƙasashe irin su Tanzaniya da Gana. Ba cewa muke yi mu zauna jiran jirgi daga Ingila ba. Dabarar muke so mu ɗauka. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, mutanenmu da yawa sun yi tuƙi da kanikanci har suka tsufa. A ƙarƙashin gadajen tsofaffin direbobi da kanikawa da gwauraye akwai sifanu suna tsatsa. A sa ranar Lahadi guda, a yi baikon kayan aiki kamar yadda muke baikon kaka. A jiƙa su cikin kananzir, a goge da burushin waya, za ku yi mamakin abin da zai fito.

Ina kuɗin zai fito?

Da gangan ba mu rubuta farashi a nan ba, domin kuɗin da muka faɗa yau ba shi za ku tarar a kasuwa ba bayan wata uku. Da hatsi za mu yi lissafi. Jam'iyya mai mutum arba'in, in kowa ya auno tiya ɗaya da kaka, an tara wajen buhu guda. Tiya ɗaya ba ta hana kowa tuwo. A adana shi da kyau, a sayar lokacin da kwamiti ya ga kasuwa ta yi. Uban yaron ya kawo kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kowane mataki, domin abin da mutum bai sa guminsa a ciki ba, ba ya tsaronsa. In maraya ne, ko ɗan gwauruwa, ekklesiya ta tsaya a matsayin uba. Zumuntar mata sun fi mu sanin adashi, a nemi shawararsu, a kuma sa ɗaya daga cikinsu a kwamitin. Da yayyafi kogi kan cika.

Ga ka'idodin da muke ba da shawara a bi:

1. Kada a ba yaro ko ubansa kuɗi a hannu. Kwamiti ya sayi kayan ya miƙa.

2. Magatakarda ya rubuta kowane abu a littafi, a kuma buga wa kowane ƙarfe alamar jam'iyya da kurfi, a shafa masa fenti.

3. A miƙa kayan a gaban uban yaron da maigidansa da dattijon ekklesiya, kowa ya sani na jam'iyya ne sai an gama biya.

4. Sau biyu a shekara, da Kirsimati da Ista, yaron ya zo da akwatinsa a ƙirga. Abin da ya ɓatar, shi zai mayar daga ɗan abin da yake samu.

5. Biya ya fara bayan yaye. Kada a rubuta bashin da Naira, gama kafin ya gama koyo kuɗin sun zama ba su sayen rabin kayan. A rubuta da tiyar hatsi, ko kuwa ya sayo irin kayan da aka ba shi domin na bayansa.

6. Yana iya biya da aiki. Duk gyaran da ya yi wa injunan jam'iyya a kimanta shi bisa ladan da ake biyan kowane bakanike, a cire daga bashin. Kada a mai da shi bawa don an taimake shi.

7. Ka'ida ɗaya ce ga ɗan kowane memba, ko ɗan fasto ne ko ɗan mai shara, ko mai bi ne ko maƙwabcinmu Musulmi da ke cikin jam'iyya. In 'ya mace ce ta nuna tana so, ita ma haka.

Abin da masu ja za su ce

Mun san za a yi gardama a taro, gara mu amsa tun yanzu.

Wani zai ce, yaron zai sayar da kayan ya gudu. Gaskiya ne, wani zai yi haka. Shi ya sa muka ce a raba kashi uku. Wanda ya ci amanar kashi na fari, hasarar ba ta da yawa, ba kuwa zai ga na biyu ba. Amma mu tambayi kanmu, rancen taki nawa muka bayar wanda bai dawo ba? Mun daina ba da taki saboda haka? Ba a ƙin shuka don tsoron tsuntsu.

Wani zai ce, mu manoma ne, wannan kuwa korar samari ne daga gona. 'Yan'uwa, samarin sun riga sun tafi, ba mu muka kore su ba. Gonar da uba ɗaya ya noma, yau 'ya'ya shida ke jiran rabonta. Abin da ya rage shi ne ko su tafi su ɓace mana, ko su tafi da igiyar da ke ɗaure da gida. Yaron da ya san jama'arsa ce ta saya masa sifanarsa ta fari, zai amsa kira ran da injin ya tsaya. Ba ma tilasta wa kowa ya dawo ƙauye da zama. Amma wanda ya buɗe rumfa a bakin kasuwar ƙauye, yana gyaran babura da injuna da rani, yana noma da damina, ba zai kwana da yunwa ba.

Wani zai ce, ai gwamnati tana ba da kayan aiki. Haka ne. Hukumar samad da aikin yi ta ƙasa, watau NDE, wadda ta fara aiki a 1987, ta sa samari wurin masu sana'a, ta kuma ba waɗansu rancen kayan aiki bayan sun gama. A nan Katsina ma, a zamanin Gwamna Ibrahim Shema, an buɗe ƙauyen koyon sana'a na samari inda kanikanci ke cikin abin da ake koyarwa. Duk wanda ya sami irin wannan hanya ya bi, magatakardan jam'iyya kuma ya taimake shi cika takarda. Amma masu nema sun fi abin da ake rabawa yawa nesa ba kusa ba, yawancin yaranmu kuwa a garejin bakin hanya suke koyo, ba sunansu a littafin kowa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Wani zai ce, motocin yanzu na kwamfuta ne, zamanin sifana ya wuce. Gaskiya ne motoci sun sake. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai ga motoci masu shan fetur, doka ta sa kowace sabuwar mota ta zo da wata kafa a wajen sitiyari, inda ake soka na'ura ta faɗi inda ciwo yake. Akwai ƙananan irin na'urar nan da ke aiki da wayar hannu, ya kamata a sa ɗaya cikin kayan tarayya. Amma na'urar faɗi kawai take yi, ba ta kwance noti. Birki da taya da kuloci da injin ban ruwa har gobe sifana suke jira. Darasin da ke ciki shi ne kada a cire yaro daga makaranta tun bai iya karatu da lissafi ba, gama bakaniken da ba ya karanta abin da mita ta nuna, an bar shi a baya.

Wani kuma zai ce, maigidan zai ji haushi, ya ga kamar an raina kayansa. Wannan ya rataya ga yadda muka je masa. Da yawa daga cikin masu garejin Katsina Musulmi ne, sun karɓi 'ya'yanmu, sun ciyad da su, sun koya musu abin da suka sha wuya kafin su sani. Sun cancanci girmamawa. Dattawa su je su gaishe shi, su yi masa godiya, su nemi shawararsa a kan abin da za a fara saya. A wannan zama ne kuma za a roƙa wa yaron izinin zuwa sujada ran Lahadi. Maigida na kirki zai yi murna, gama an rage wa akwatinsa nauyi.

Abin da za mu yi yanzu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada mu jira sai ranar yaye mu fara neman kuɗi, kada kuma mu jira sai injin ya sake mutuwa a tsakiyar rani. A taronku mai zuwa muna roƙo ku yi abu uku. Ku rubuta sunayen dukan yaranku da ke gareji, da shekarar da kowa ya shiga. Ku zaɓi mutum uku, har da mace ɗaya, su zama kwamitin kayan aiki. Ku kuma sa ranar baikon tsofaffin kaya, da ranar auna tiya. Jam'iyyar da ta fara, ta rubuto mana yadda ta yi, da abin da ya ba ta wuya, domin mu buga saura su ƙaru.

Manzo Bulus maɗinkin tanti ne, da hannunsa ya ci abinci a Koranti. Ubangijinmu kansa a gidan masassaƙi ya girma, mutanen Nazarat kuma da wannan sana'a suka san shi. Aikin hannu ba abin kunya ba ne a cikin jama'ar Allah. Abin kunya shi ne ɗanmu ya iya aiki, ya tsaya a gaban injinmu hannu wofi, mu kuwa muna da hatsi a rumbu.

Saurayin nan da muka ba ku labarinsa, jam'iyyarsu ta riga ta auna tiyarta. Sifana bakwai da sifanar fulogi suna cikin akwatinsa yanzu, da alamar jam'iyya a jikinsu. Saura naku.

Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanmu da na 'ya'yanmu. Amin.